Nama a Aljihun Liman

Ba zan taɓa mantawa da wata sallar la'asar da na ja a wata ruga kusa da Dodoru ba, kuma na tabbata waɗanda suka bi ni sallar ma ba su manta ba har suka koma ga Allah. A shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ina saurayi, ina aikin duba-gari a En'e ta Gwandu, wato hukumar sarki, ina da keke da kaki mai guga, da kuma jin kai wanda ya fi ƙarfin albashina.

Ni mutumin Kalgo ne, ɗan masunta, da romon kifi aka yaye ni. Saboda haka ba wanda zai taɓa zaton ni ne zan wayi gari na daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba. Aiki ne ya ja mini. Kowace safiya sai na je mahauta na duba dabba kafin a yanka, in kuma duba hanta da huhu bayan an feɗe. Wata rana aka kawo saniya da ɗan maraƙinta. Aka ɗaure maraƙin a gindin tsamiya, aka kayar da uwar a gabansa. Ni na duba ta, ni na ce lafiyarta lau, a yanka. Kwana uku maraƙin nan yana kuka, ɗakina kuwa a bayan kasuwar yake. A rana ta huɗu aka aiko mini da tsire (mahauta ba sa barin duba-gari da yunwa, kun dai san dalili), na kai baki, ya ƙi wucewa.

Daga nama sai abin ya bi nono, don duk lokacin da na ɗaga ludayi sai in tuna akwai maraƙin da aka ɗaure a gefe kafin a tatso shi. Sai man shanu, sai ƙwai. Kifi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi ba ni wuya. Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa na gaya masa. Ya ce abin da Allah ya halatta ba mai haramta shi, amma ba a danne mutum a ɗura masa. In ba na ci kada in ci, sai dai kada in ce haram, kada kuma in dami mutane da zancen. Wannan na ƙarshen na riƙe shi fiye da yadda ya nufa, don ban gaya wa kowa ba. In na je Kalgo sai in ce wa innata ciki ke damuna, baiwar Allah ta shekara tana haɗa mini jiƙo ina sha. Mutum ɗaya ya san gaskiya, abokina Ɗanjuma, magatakarda, wanda ya ɗauki abin a matsayin alherin da Allah ya jefo masa.

To, mutumin da ba ya shan nono, ina kuke tsammani zai je ya ga matar aure? Wurin mai tallar nono. Sunanta Dije. Na je duba ƙwaryarta ne ko an ƙara ruwa, ta dube ni ta ce in duba da kyau, in na sami ruwa na gumin goshinta ne. Tun daga ranar duk kasuwa sai na sayi nononta da fura, in kai ɗaki, Ɗanjuma ya shanye. Wata biyar muna haka, ni ina ramewa don so, shi yana kumatu.

Da magana ta yi nisa, baffanta ya aiko cewa kafin manyana su taso daga Kalgo yana so ya ga yaron da idonsa. Dije ta gaya mini a fili cewa akwai ɗan uwanta mai garke da ke nema, kuma kawunta yana bayansa. Baffa ne kaɗai bai yanke ba, ranar zai yanke. Na tsorata ƙwarai. Gidan makiyaya ne, za a kawo nama da nono, kuma baƙon da ya mayar da ƙwarya yadda aka kawo ta ya zagi gidan.

Sai na yi dabara. Mai neman aure ba ya ci a gaban surukai, bukka ake kai shi shi da abokinsa a saki asabari. Ke nan in na tafi da Ɗanjuma, shi zai ci na mutum biyu (abin da ya saba), ni in wanke hannu in fito ina godiya. Muka shirya tsaf. Ranar tafiya na biya masa da safe, na tarar da shi kwance, ƙafa ta kumbura, kurkunu ya huda a idon sawu. Ko bakin ƙofa ba ya iya zuwa. Na tsaya a kansa ina jin haushinsa kamar shi ya gayyato ciwon. Ya ce, "Tahi kai ɗai. In sun ba ka nama ka riƙo min."

Na sa farar babbar rigata, ita ke nan gare ni, na hau keke.

Ina isa rugar, abin da na fara gani fatar rago ce ɗanya an kafe ta a ƙasa tana shan rana. Gabana ya faɗi. Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa na gai da Baffa. Dogon tsoho ne, maganarsa ba ta da yawa. Kawu kuwa, ƙanen mahaifiyar Dije, ya dube ni daga hula har ƙafa, ya tambaye ni ko keken nawa yana haihuwa. Na yi murmushin da ya kamata. Bayan azahar aka kai ni bukka, aka shigo da akushin tuwo, man shanu yana yawo a kan miyar, da ƙwaryar kindirmo, da kwanon soyayyen nama har ya yi tozo. Aka saki asabari aka bar ni.

Na zauna ina kallonsu. Tuwon na yaga gefensa inda miya ba ta kai ba na ci. Nonon ba halin zubarwa, don a ruga zubar da nono ba ƙaramin abu ba ne, sai na kwashi ludayi uku na juye cikin akushi na cakuɗa da tuwo, ya zama kamar wani ƙazami ya ci. Saura nama. Na leƙa ta jikin ciyawar bukka ko zan ga kare, babu. Na duba ƙasa ko zan tona rami, an daɓe ta kamar dutse. Sai na tuna da saƙon Ɗanjuma, na kuma tuna babbar riga tana da aljihu a ƙirji wanda zai ɗauki ɗan zabo. Na zaɓi tsoka bakwai manya na zuba. Har na yaba wa kaina. Ban ci ba, ban ɓata wa kowa ba, ga kuma ladan duba mara lafiya.

Ina cikin gyara wuyan riga aka kira la'asar. Na fito na yi alwala a tsaye-tsaye, hannu ɗaya dafe da ƙirji kamar mai tari. Masallacin nasu fili ne da aka kewaye da itace aka zuba yashi. Maza bakwai ne ko takwas. Aka ta da iƙama, na nemi ƙarshen sahu na laɓe, sai na ga kowa ya tsaya yana dubana. Ashe limaminsu ya tafi ta'aziyya. Kawu ya ce, "Ga malami daga Gwandu, wa za shi shiga gabanai? Bisimilla, Malam."

Na ce ni yaro ne. Na ce akwai manya. Baffa ya nuna gaba da haɓarsa. Na wuce.

Tsayuwar farko lafiya lau. Na karanta Fatiha da sura a zuci, ina jin ɗumin mai yana ratsa 'yar cikina. Sai na yi kabbara na sunkuya ruku'u. Wanda ya taɓa sa babbar riga ya san abin da aljihun nan ke yi in an sunkuya, buɗe baki yake yi. Tsoka ta farko ta faɗo tim a kan yashi. Ta biyu ta bi ta. Ta uku, mai ƙashi, ta gangara ta tsakanin ƙafafuna ta nufi sahu, inda kowa ya sunkuya idonsa a ƙasa. Ban san inda ta tsaya ba sai daga baya, wai a gaban babban yatsan Kawu.

Na ɗago. Na yi tunanin in yanke sallar in bi ta kan itacen nan in hau keke, ba Gwandu ba, Kalgo gaba ɗaya. Amma liman ba ya gudu. Na tafi sujada, sauran huɗun suka fito tare, na ɗora goshina tsakanin hanta da haƙarƙari. Kafin raka'a ta biyu kajin rugar sun samu labari. Haka na ja raka'a uku, kaji suna warwason nama a gabana, wata ta ja nan, wata ta fizge ta yi can, zakara yana taka mini gefen riga. A bayana ba ka jin komai sai wani da ke ta gyaran murya, yana fama da dariyar da ta taso masa a gaban Ubangiji.

Na yi sallama. Na daɗe ina addu'a, ba don tsoron Allah ba, don dai kada in juyo. Da na juyo, ga taswirar mai a ƙirjin farar riga, faɗin tafin hannu biyu.

Kawu ya ɗaga tsokarsa da yatsa biyu, ya kaɗe yashin. Ya ce, "Malam, ga ajiyarka. Ashe aikin En'e yunwa a kai nai. Da ka hwaɗi, ai da mun ba ka ƙwarya." Baffa bai yi dariya ba. Ya sa aka kira wata tsohuwa, ya ce a naɗe cinyar da ta rage a ba baƙo ya tafi da ita, kada a ce an zo gidansa an koma da nama cikin aljihu.

A nan ne na auna abin. Ko in tafi a matsayin makwaɗaicin da ke satar naman da aka ba shi, ko in gaya wa makiyaya a tsakiyar shanunsu cewa ba na cin nama ba na shan nono. Wallahi na fi minti ɗaya ina ganin na farkon ya fi sauƙi. Sai da na ga cinyar tana tahowa a faifai, na ce, "Baffa, a gahwarce ni. Ni ba ni cin nama. Ba ni shan nono. Ban so in maido kwano cike, shi ya sa."

Baffa ya ce, "Haram ka ce?"

Na ce a'a.

"Ciwo na?"

Na ce a'a, tausayi ne. Na ba su labarin saniyar da maraƙinta. Dariyar da aka danne tun raka'ar farko sai a lokacin ta fashe. Kawu har da riƙe ciki, yana tambaya to nonon Dije na wata biyar wa ke shanye shi. Baffa ya bari suka gama, sannan ya nuna fatar da ke shanye.

Ya ce, "Ka ga ragon ga? Uwatai ta mutu shina kwana shidda. Ni nir riƙe shi, da tsumma nika ba shi nono. In na tahi rijiya shina biye, in na zamna shi kwanta bisa ƙahwata. Layya biyu ina ƙetare shi. Yau da sahe niy yanka shi, don an ce baƙon kirki za shi zaka, kuma ba ni da wanda yah hi shi. Ni ko tsoka guda ban iya kai ma bakina ba." Sannan ya dube ni ya ce, "Kai mai tausai, da ka aiko da kalma guda jiya, da yanzu shina nan shina cin dussa."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ta kajin ma wasa ce. Na zo ina ganin ni kaɗai ne mai jin tausayin dabba a ƙasar Gwandu, ga shi rago ya mutu saboda ni, kuma rabonsa ya ƙare a bakin kaji. Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo a kan man da ke rigata.

Na tashi zan tafi, na riga na sallama Dije a raina. Na kama keke, sai Baffa ya ce, "Ka ce ma manyanka su zaka bayan girbi. Ɗiyata za ta sha nononta, ba ka hana ta. Kai kau ka ci wakenka. Amma gidana, abin da ag ga ranka ka hwaɗe shi da baki." Kawu ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ce wanda ya iya ƙarasa raka'a huɗu a cikin wannan hali bai gudu ba, ba zai gudu ya bar mace ba.

Cinyar dai sai da aka ɗaura mini ita a bayan keke, Ɗanjuma ya ci ya yi mini addu'a. A makon na je Kalgo na gaya wa innata gaskiya, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ba don kifin ba, don wahalar jiƙon da na sa ta. Ranar ɗaurin aure wake da shinkafa aka dafa mini da man gyaɗa, Kawu ya zauna kusa da ni yana leƙen aljihuna har na gama.

Har yau ba na ci, Dije kuma har yau tana kaɗa nononta a tsakar gidana tana yi mini dariya. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi. Duk gidan da aka gayyace ni, tun kwana biyu kafin in je nake aikawa a ce baƙon nan wake yake ci. Ana dariya, wasu su ce tsohon ya taɓu. Na yarda a yi mini dariyar, in dai wuƙa tana cikin kubenta.