Ranar da Na Tankaɗe Siminti

Ko zan manta da komai a sana'ata ta birkila, ba zan taɓa mantawa da aikin kwalbatin bayan garinmu ba. Ambaliya ta daɗe tana cin gindinsa, kankaren ya tsattsage, rodi ya fito waje ya yi tsatsa. Ta kansa manoma ke fito da shinkafa daga fadama zuwa Haɗeja.

Aka turo wata injiniya, matashiya marar yawan magana. Ta ce ba rushewa za a yi ba, za a sassaƙe inda ya lalace a lulluɓe shi da wani siminti na musamman. Ta kuma ce birkilan da hannunsa ya fi kyau shi zai jagoranci gyaran sauran kwalbatocin yankin. Tuni na ɗauka nawa ne. (A lokacin gani nake duk ƙasar Haɗeja babu mai riƙe cokalin gini kamata.)

Da safe ta wuce Kafin Hausa duba wani aiki, ta ce mu share wuri mu jira ta. Ni da jira! Na farke buhu ɗaya cikin waɗanda ta kawo, sai na ga simintin cike da wani zare-zare kamar gemun masara. Raina ya ɓaci. Na san halin 'yan kasuwa da algus, na ce lallai sun ga yarinya ce suka cuce ta. Rariyar yashi ta yi faɗin ido, don haka na je gida na ɗauko ta matata, wadda take tankaɗen garin tuwo da ita.

Sule, birkilan da muke takara da shi, ya ce, "Malam, da ka bari ta dawo."

Na ce, "Kai dai tsaya ka koyi aiki."

Na tankaɗe buhunan nan tas, na kwaɓa, na shafe gefe guda sumul. Zaren kuwa na tara shi a daro don ya zama hujja.

Da la'asar ta dawo tare da mai unguwa, manoma na biye. Ban bari ta gama gaisawa da mutane ba na dire daron a gabanta.

"Ranki ya daɗe, an cuce ki. Dubi dattin da suka cusa miki. Amma kwantar da hankalinki, na fitar da shi."

Ta dubi daron, ta dube ni. "Duka, Baba?"

"Ko ƙwara ban bari ba."

"Baba, ai zaren nan shi ne aikin. Shi ke riƙe simintin kada ya tsage, kamar ciyawar da ake zubawa a kwaɓin ƙasa."

Mai unguwa ya riƙe baki. "Subhanallahi! Kai da mahaifinka ya gina rabin garin nan da ƙasa da ciyawa?"

Manoma suka fashe da dariya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ga ni fari fat da ƙurar siminti, ga rariya a hannu.

Washegari da hannuna na farfasa abin da na shafa. Aka jira sababbin buhuna, Allah ya taimaka aka gama kafin ruwa ya sauka. Sule ya samu jagorancin, ni kuma na samu suna: har yau a fadama Mai Rariya suke ce mini. Yanzu ko ƙuda na gani a cikin siminti, sai na tambaya ko na kamfani ne kafin in cire shi.