Masallacin da Na Gano a Budafest

Kafin babban yaƙin duniya, kawuna mai sayar da carbi a Makka ya tafi da ni yawon buɗe ido Turai. Muna ta kallon gadoji da gidajen sarauta cikin nishaɗi, azahar ta same mu a birnin Budafest. Na hango wani tsohon gini mai ƙubba, da jinjirin wata a samansa.

Na ce, "Kawu, ga masallaci."

Ya ce, "Ka tabbata, ya waladi, yarona?"

"A gindin Harami fa aka haife ni. Ko a duhu na san masallaci."

Na tuɓe takalma, na wuce mai gadi yana ta yi mini yare, na rangaɗa sallama. Tururi ne ya tarbe ni. Ga ƙattin Turawa cikin ruwan zafi har wuya, sun zuba mini ido. Ashe gidan wanka ne. Wani mai gashin baki har ya matsa mini wuri.

Kawu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, kuma da muka koma Makka bai bar kowa bai ji labarin ba. Har yau in zan fita salla, jikokina sai su ce, "Kaka, ka ɗauki sabulu?"