Dambun Rakiatou Ya Hau Shafin Farko

Yau da azahar na je cin dambu wurin Yaya Rakiatou a unguwar Sukra, nan garin Sabha, na tarar da ƙofa garƙame da kwaɗo, ita kuma tana bayan gida kan turmi tana dariya har da hawaye. Ku taya mu murna, jama'a, mun shiga intanet, kuma mu ne na ɗaya.

Rakiatou 'yar Maraɗi ce, ta daɗe tana ciyar da leburorin gini da na gonakin Samnu, da tukunyar nan take riƙe 'ya'yanta a gida. Wurinta ba allo ba suna, don rabin masu cin ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ita ma lasisinta yana nan tafe tun zuwanta. Tallarta a kunne ake yi, wanda ya ci ya raɗa wa sabon zuwa.

Ana nan sai Mai Girma Uban Cigaba, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya tara ƙananan 'yan kasuwa a wani zaure mai sanyi. An yanka raguna, manya suka ci, mu muka ƙoshi da jawabi. Ya ce tunda Afirka ta zama uwa ɗaya uba ɗaya, wajibi ne kowace rumfa ta hau intanet. Ya kawo wani gwani, Muƙaddas, wanda ya koya mana cewa mai bincike ba ya wuce shafin farko, don haka a cika shafi da kalmomin da ake yawan nema, a sa hoto, a sa kwatance. Ban gane rabi ba, amma na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi.

Muƙaddas ya taɓa cin dambun Rakiatou, santi bai sake shi ba, sai ya yi mata shafi kyauta. Ya rubuta "inda baƙi ke cin abinci a Sabha" da Larabci da Faransanci, ya zana lungun tiryan-tiryan, har da lokacin da leburori suka fi cika.

Abu ɗaya Mai Girma bai lissafa ba. Mai kwaɓa siminti ba ya zuwa siber, shagon intanet. Masu kwamfuta da lokacin zama a garin nan suna ofis, cikinsu har da masu duba takardu. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo! Jiya suka biyo kwatancen ba su tambayi kowa ba. Maƙwabcina Adamou magini, mai kukan ciwon gwiwa kullum, ya tsallake katanga da cokali a hannu. Bayin Allah masu duba takardun suka zauna suka share tukunyar tas, suka yaba, sannan suka nemi lasisi suka sa kwaɗo. Wallahi na ji haushi, amma na jinjina wa tsarin, ciki kafin aiki.

Da safe Rakiatou ta tare gwanin. "Ɗana, mi na yi maka? Don Allah ka sabko da ni can ƙasa, inda ba a gani."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, hawa kawai aka koya mana."

An je neman ƙiba an samo rama. Ɗazu kuma saƙo ya zo, Mai Girma zai ba ta lambar yabo ta gwarzuwar zamani, ta zo da lasisinta ta karɓa. Abin da ya zaunar da ita kan turmi ke nan.

In akwai gwanin da ya iya ɓatar da mutum a intanet, don Allah ya neme mu. Ba sai na yi kwatance ba, muna shafin farko.