Babin da Saniya Ta Cinye

"Lafiya lau, tunda ban mutu ba kafin ki tuna da ni," in ji tsoho Sokkalingam da jikarsa ta gaishe shi, ko kai bai ɗaga ba.

Yana zaune a dakalin ƙofar gidansa a birnin Madurai, kofi ya huce a gefensa, littafinsa a cinya. Littafin ba na kanti ba ne. Wata mujalla ce ta riƙa buga labarin mako-mako tun yana matashi, shi kuma yana yanke shafukan yana tarawa, har ya kai wa mai ɗinkin littattafai ya yi masa bangon yadi. Da shi ya raini jikarsa Malar: labarin 'yar maginin tukwane da ta hau giwa mai fukafukai ta tafi ƙwato ruwan sama daga hannun sarkin aljanu. To yau aka fara nuna fim ɗin da aka yi da labarin, Malar kuma ta yi sammakon kallon farko da Sendil, saurayin da za ta aura. Ba wanda ya gayyaci tsoho. Kishi ya hana shi karyawa, ya ce wa mutanen gida cikinsa ne ke murɗa. Tsoronsa ɗaya, kada yarinyar ta dawo ta ce na silima ya fi nasa daɗi.

Malar ta tuɓe takalmi ta zauna kusa da shi. Thatha take ce masa, wato kaka a yarensu. "Thatha, ai kai ka rantse ƙafarka ba za ta taka silima ba."

"Na rantse. Sai ki roƙe ni. Ki roƙa sau uku in ƙi, a na huɗu in nemi sandata. Duk zaman da muka yi ba ki san halin mijinki ba?"

"Mijin da haƙoransa ke kwana a kofin ruwa?"

"Suna kwana dai a gida. Ba sa bin wani dogo mai wuyan zalɓe yawon gari. Me ya saya miki?"

"Gugguru."

"Gugguru. Ni na ba ki aljanu bakwai da teku uku, an zo an ɗauke ki da masara."

Malar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauki kofinsa ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Tsoho ya so ya yi shiru ya nuna bai damu ba, amma bakinsa ya ƙi.

"To, yaya giwar tasu?"

"Ta fi taka girma."

"Ta kwamfuta ce."

"In ta buɗe fukafukai, allon ma ba ya ɗaukarta. Mutane suka miƙe suna fito, suna watsa yankakkun takardu sama. A waje har madara aka kwarara wa hoton jarumar don girmamawa."

Nan fa ta taɓa shi inda yake ciwo. "Madara? Ni da na shekara uku ina miki kukan giwa da bakina har maƙwabta suka kawo ƙara, wa ya zuba mini ko ruwan wankin shinkafa? Sarkin aljanun nasu kawuna nawa?"

"Ɗaya."

"A littafi bakwai ne, kuma kowane kai da muryarsa. Duk ni na yi su."

"Na bakwai ai tari kake yi."

"Haka muryarsa take. Waƙa nawa suka cusa?"

"Biyar."

"Yarinyar da garinsu ke mutuwa da ƙishirwa ce ta tsaya rawa sau biyar? Ina rijiyar da ke magana?"

"Sun cire."

"Tsohuwar da ke sayar da mafarki a kasuwa?"

"Sun mayar da ita budurwa."

"Haka suke. Duk inda suka ga tsoho sai su kawar da shi su sa yaro. Ke ma abin da kika koyo ke nan."

Ya faɗe ta da wasa, amma ta fito da nauyi. Malar ta ɗan dube shi, ta gyara furen da ke gashinta.

"Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai," ta ce. "Ƙarshen. Giwa ta mutu, Thatha. Ta kawo ruwan, ta faɗi a bakin gari, ba ta tashi ba."

Tsoho ya yi maza ya bugi cinya. "Kin gani? Mahauta. Ba su iya komai ba sai kisa."

"Haka na ce. Na miƙe a tsakiyar silima, mutum ɗari biyar suna sharɓar kuka, na ce ƙarya ne, giwa ba ta mutu ba, ta yi ritaya tana cin rake a bayan gari. Kowa ya waigo. Sendil ya nutse cikin kujera, wuyan nan duk ya shige."

Daɗi ya kama tsoho har sai da dasashinsa ya bayyana. Bai gama jin daɗin ba Malar ta buɗe jaka ta zaro sabon littafi mai ƙyalli.

"Don in kunyata su na sayi wannan a bakin ƙofa. Babi sittin da biyu ne a ciki. Naka nawa?"

"Na kanti ai ƙari suke yi don ya yi kauri."

"Nawa ne, Thatha?"

"Idona ba ya ganin lamba."

"Sittin da ɗaya ne. Tun ina 'yar shekara bakwai nake lura in ka zo ƙarshe ba ka juya shafi. Na ɗauka hadda ce."

Tsoho ya kalli titi, ya kalli mai tallan ayaba, bai ga mai cetonsa ba. Ya ja numfashi.

"Laifin kakarki ne, kuma ba ta nan balle ta musa. Ranar da mujallar ƙarshe ta zo ban ko buɗe ba, ta shimfiɗa ta a nan ta shanya barkono. Saniyar unguwa ta zo ta bar barkonon ta cinye babin. A shagon kofi na ji ana cewa giwa ta mutu. Na ce ban karanta ba, ban yarda ba."

"Shekara hamsin ba ka nemi wani ba?"

"In nemi abin da zai kashe mini giwa? Sannan ke kika zo, kina kwance da zazzaɓi, kika riƙe yatsana kika ce, 'Thatha, za ta tashi ko?' Me kike so in ce miki?"

Malar ta nuna shi da sabon littafin.

"Wato kai ne ka fara lalata littafin mutane. Masu fim sun bi marubuci sau da ƙafa, kai ka yi son ranka, ka sa na yi abin kunya gaban rabin Madurai."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Wanne ya fi?"

"Nasu ya fi kyau a ido."

"Wanne ya fi?"

"Naka, ɗan rigima. Naka ya fi."

"Ki maimaita a gaban dogon."

Ta yi dariya tana share ido, ta ɗora masa sabon littafin a cinya. "Ungo, naka ne. Ka karanta abin da ka gudar wa."

Ya juya shi, ya kai shi kusa da hanci, ya nesanta shi. Rubutun ƙanana ne, idon kuma ya tafi. Ya miƙa mata.

"Karanta mini. A hankali, kuma ki yi muryoyin." Ya jingina da bango ya lumshe ido. Ta buɗe shafin ke nan ya riƙo hannunta. "Malar, in kika ga giwar za ta faɗi, kin dai san yadda ake yi."