Takardar Naɗe Maɓalli

"Lafiya lau, in ban da gajiyar aikenka. Ya aiki, tsoho?"

"Aiki da godiya. Muryar wa nake ji kamar ta amaryata? Shigo mana, kin tsaya a ƙofa kin tare mini haske."

"Wane haske? Kai da ko rana ce ta shigo ta zauna a bencin nan sai ka tambaye ta 'yar gidan wane ce."

"Ranar ma ai ta fi ki ladabi. Ita da sassafe take zuwa gaishe ni."

Shagon bai fi taku huɗu ba ko ta ina. Baƙin keken ɗinki a jikin taga, benci guda, dutsen guga a kusurwa, kwando cike da ƙyallaye. Mai shagon kakanta ne na wajen uwa, tsohon tela wanda idonsa ya fara gajiya amma ƙafarsa ba ta gaji da taka keke ba. Ita kuwa malamar firamare ce, in an tashi daga makaranta ta nan hanyarta take. Wata biyu ke nan kullum sai ya aike ta sayen maɓalli. Yau shida, gobe goma, jibi ya ce waɗanda ta kawo ba su shiga da rigar ba. Mai kayan ɗinkin da ke bakin kasuwa ba ya ɓata leda a kan ƙaramin ciniki, a tafin hannu yake juye wa mutum. Shi ya sa take yago takarda daga jakarta ta naɗe.

Takardar kuwa da tarihinta. Daga wani littafin rubutu take fitowa, wanda malamar ta shekara biyu tana rubuta labari a ciki, labarin wani mai fito a kogi da ƙanensa da suka yi shekara ashirin ba sa magana. Ta kai wani wuri ta cije. Wata huɗu tana buɗe shafin tana rufewa. Don ta sami ƙarfin gwiwa ta kai babin farko taron marubuta ta karanta, sai wani mai babbar murya ya yi hamma, ya ce babu wanda zai kai shafi na uku. Washegari da tsoho ya aike ta, ta buɗe jaka ta yage ganyen farko. Tun daga ranar take bin su ɗaya bayan ɗaya. Na yau shi ne na ƙarshe mai rubutu. Ta riga ta gaya wa kanta cewa daga shi an gama, ita da biro sai dai gyaran aikin yara.

Ta dire ƙullin a kan keken.

"Ga su nan. Takwas, baƙaƙe, masu ido huɗu. In ka ce ba su yi ba, yau sai ka haɗiye su kamar ƙwayar magani."

"Ji bakin mata. Haka ake miƙa wa maigida saƙo, babu ko ɗan durƙuso?"

"Maigida mai haƙori uku? Ai na daɗe da fasawa. Jira nake in sami mai ɗaukarka kyauta."

"Huɗu ne. Akwai ɗaya can ciki, na ɓoye shi saboda masu baki irin naki."

Ya warware ƙullin a hankali, ya juye maɓallan a aljihun tebur ba tare da ya ko dube su ba, ya shimfiɗa takardar a gwiwa yana shafa ta da tafin hannu. Kullum haka yake yi. Ita a ganinta halin tsofaffi ne, ba sa iya yar da komai. Amma yau sai ya laluba tabarau ya maƙala. Ya daɗe a kan takardar. Ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Ina sauran?"

"Sauran me? Takwas ka ce."

"Wa ke maganar maɓalli? Mutum ya ɗauko ƙanensa a jirgi, ya kai tsakiyar kogi, ya ɗaga filafili daga ruwa, ya buɗe baki zai yi magana, sai kuma takarda fara fat. Ina sauran?"

Ta zuba masa ido.

"Karantawa kake yi?"

"A'a, lasa nake."

"Kai da ba ka ganin kafar allura sai na zura maka zare?"

"Kafar allura akwai labari a cikinta ne? Me zan tsaya gani?"

"Ba ni takardata."

"Takardarki? Naɗin kayana ce. Abin da aka naɗo wa mutum kaya a ciki nasa ne, fita titi ki tambayi kowa."

Ta zauna a bakin benci, ta ɗora jakar a cinya. Jakar ta yi sakayau, ba kamar da ba.

"Babu saura, Kaka. Nan ya tsaya. Na bari."

In ta ce Kaka, ba tsoho ba, to wasa ya sauka. Shi ma ya sani. Ya ɗan leƙe ta ta saman tabarau, sai ya yi kamar bai ji ba.

"Madalla. Dama na san ƙarshen. Ni zan ƙarasa abina."

"Kai?"

"Ni ɗin. Ai a zamanina na rubuta littafin da sai da jaki biyu ake ɗaukarsa."

"Yana ina?"

"Jakunan suka cinye."

"Suka mutu, ko?"

"Ɗaya ya mutu. Ɗayan ya zama malamin firamare."

Dariya ta kufce mata ba ta shirya ba. Ta yi maza ta ɗaure fuska.

"To faɗi ƙarshen mu ji, mai jakuna."

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "Mai fito ya buɗe baki ya ce, 'Yau kwananka ya ƙare.' Ya kwaɗa masa filafili a ƙeya, ya tura shi ruwa. Wani kada da ke jira a gefe ya yi godiya. Shi ke nan, kowa ya huta."

"Allah ya kiyaye! Mutumin da duk damina sai ya hau ya gyara rufin ɗakin ƙanen, ko da zai dawo? Shi ne zai ba kada shi?"

"To, a sake. Ya zube a ƙafarsa yana rusa kuka, 'Ka yafe mini, ɗan'uwana, hasken idona.' Kifaye ma suka leƙo suna share hawaye."

"Wannan ya fi na farko muni. Mai fito ba ya kuka a gaban mutum. Ko ranar da uwarsu ta rasu, bakin ruwa ya tafi ya wuni yana toshe ɓarakar jirgi."

"To me zai ce? Mutum dai ba zai dawwama baki buɗe a tsakiyar kogi ba, ƙuda zai shiga."

"Cewa zai yi..." Ta tsaya. Tana kallon kwandon ƙyallaye, amma ba shi take gani ba. "Cewa zai yi, 'Matsa tsakiya. Har yanzu ba ka iya zama a jirgi ba.'"

A waje wani mai kura ya wuce yana neman hanya. Wata huɗu tana neman wata babbar magana da za ta sa a bakin mutumin nan, maganar da za ta ɗauke nauyin shekara ashirin. Ashe shi ba mai babbar magana ba ne, kuma ta fi kowa sanin haka.

"Shi kuma ƙanen?" in ji tsoho, murya ƙasa-ƙasa, yana tsinke wani zare daga hannun rigarsa.

"Zai matsa. Ba zai ce komai ba. Sai ya ɗauki ƙwaryar da ke ƙasan jirgi ya fara kwalfe ruwa, kamar yadda yake yi suna yara."

"Hm." Ya gyaɗa kai. "Nawa ya fi. Nawa akwai kada."

Ya sunkuya ya jawo aljihun tebur na ƙasa. Da ƙyar ya fito, yana kacau-kacau. Gwangwanaye uku ne manya, kowanne maƙil da maɓallai, baƙaƙe da farare da masu ruwan ƙasa, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Ta miƙe tsaye. "Tsoho! Waɗannan fa?"

"Dukiya ce. Gadonki nake tara miki."

"Wata biyu ina ratsa kasuwa cikin rana, mai kayan ɗinki har ya fara tambayata ko rundunar soja kake yi wa kaki!"

"Na ranar farko da gaske ina bukata. Sauran kuwa, to. Da na ce ki ba ni littafin in karanta, za ki ba ni?"

Ba za ta ba shi ba, su biyun sun sani.

Ya ɗaga gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashinsu akwai wani abu da aka yi wa bango da shuɗin yadi, ragowar wata riga. Ya miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba. Ta buɗe. Rubutunta ne. Kowane ganye an goge shi da dutsen guga har ƙudundunewar ta kwanta, an ɗinke gefensa a jikin siririn ƙyalle, ɗinki miƙaƙƙe kamar an ja layi. Suna jere bisa lambar da ta sa musu da jan biro.

"Allura biyu na karya a kansa," in ji shi. "Rubutunki tauri gare shi kamar kanki."

Tana buɗawa a hankali, sai ta tarar da farin ganye a tsakiya.

"Wannan fa?"

"Ke zan tambaya. Daga sha shida kika yi mini tsalle zuwa sha takwas. Na bar mutane suna cin abinci a kwano ɗaya, na dawo na tarar ƙanen ya bar gari. Me ya kore shi? Kwana biyu ina tunani, har na ɗinka wa wani bawan Allah hannun riga a baibai. Na bar miki gurbin."

Ta tuna. "Haƙorin wata yarinya ne ya fita a aji, na naɗe mata ta kai gida."

"Kin ga rashin tausayin? Da haƙorin kika kawo mini ai da sun zama biyar."

Ta shafa shuɗin bangon.

"An ce babu wanda zai kai shafi na uku."

"Wa ya ce?"

"Wani ne, a taron marubuta."

"Kawo shi in auna shi, in ɗinka masa wando mai ƙafa ɗaya. Ni dai na kai arba'in da uku, da ido ɗaya da rabi. Miƙo nan."

Ya karɓi littafin. Ya zare rigar da ke ƙarƙashin allura, ya sa ganyen yau a mazauninsa, ya ɗebo fararen takardu daga cikin na yankan fasalin riga ya jera a bayansa. Keken ya yi ƙara, ya yi shiru. Ya datse zaren da almakashi, ya ajiye mata littafin a cinya. Sannan ya mayar da rigar, ya taka bai fi tsawon tafin hannu ba, ya tsaya, allura a nutse cikin yadi. Ya jawo ƙyalle ya rufe keken.

"Ka ga halin naka," in ji ta, tana goge gefen ido da bayan hannu. "Kullum sai ka tashi ka bar ɗinki rabi. Ragwanci dai."

"Shekara hamsin ban taɓa tashi daga keken nan ɗinki a ƙare ba. In allura ta kwana a cikin yadi, da safe ƙafa ba ta tambaya ina za a fara." Ya cire tabarau yana gogewa. "Da na ga mutumin nan baki buɗe, na ɗauka ke ma abin da kika yi ke nan. Ashe gudu ne."

Ta zaro fensirin da ke maƙale a bayan kunnensa, ta buɗe inda rubutun ya yanke, ta ɗora littafin a gwiwa. Ta rubuta layi ɗaya. Ta rubuta na biyu. Hannun da farko kamar na aro, can sai ya saki. Tana tsakiyar layi na bakwai ya sa yatsa ya danne fensirin.

"Ya isa."

"Ban gama jimlar ba!"

"Na sani. Tashi ki tafi gida, uwarki za ta ce na sace ki."

Ta harare shi. Ta dubi rabin jimlar, ta dubi keken da ke rufe, sannan ta rufe littafin ta sa a jaka. Jakar ta koma nauyinta na da.

"Ka ci wannan, tsoho. Yau kaɗai."

"Ai ni kullum nake ci, ke ce ba kya lura. Fensirin ki riƙe, kayan aure ne."

"Da guntun fensir za ka aure ni?"

"Da gwangwani uku na maɓalli a kai. Wace mace aka taɓa yi wa haka?"

Ta kai bakin ƙofa ta juyo, tana dariya sosai yanzu.

"Gobe me zan sayo maka?"

"Maɓalli. Shida, farare."

"Tsoho!"

"To, to." Ya ɗaga hannu, duk haƙoran huɗu a waje. "Bar maɓallin. Zo mini da takardar kawai."