Injin Haƙar Kuɗi da Kuɓewar Inna

Ko zan manta da komai a duniya, ban da Juma'ar da Hajj Usman, mahaifin yarinyar da nake nema, ya tsallako kogi daga Hilla Kuku zuwa gidanmu a Umdurman don ya ga sana'ata da idonsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya ba marar sana'a 'yarsa.

Ni kuwa na riga na cika masa baki cewa ina haƙar kuɗin intanet. (Haƙa fa! Ni da ko ramin shuka ban taɓa tonawa ba.) Na sayar da rakshata, keken hayata mai ƙafa uku, na sayi inji mai fanka shida, don mai shagon ya rantse babu kamarsa wajen saurin lissafi. Abin da bai faɗa ba, ni ma gwanin ban tambaya ba, shi ne irin kuɗin da nake son haƙa ba sauri kaɗai yake nema ba, ƙwaƙwalwar ajiya mai faɗi yake so. Injina kuwa ƙwaƙwalwarsa irin ta mai shi ce. Sai ƙara, sai zafi, sai shan wuta. Abin da yake kawowa a wata bai biyan wutar mako guda. Don haushi na daina ma leƙa ɗakin da na ajiye shi.

Bayan an sauko daga masallaci na sha farar jallabiya, na yi ta zuba wa Hajj bayanin da ni kaina ban gane ba, sannan na tura ƙofar ɗakin injin da isa.

Innalillahi! Igiya uku an ɗaura gaban fankokin, sillayen nama na reto, ƙasa kuma faranti-faranti na yankakkiyar kuɓewa.

"Ya waladi, ɗana," in ji Hajj, "wannan ne kuɗin?"

Kafin in haɗiye yawu sai ga mahaifiyata, Inna, a bayanmu. "Ma'alesh, yi haƙuri Hajj, shanyata ce. Wallahi injin nan akwai albarka! Iskarsa yini ɗaya take busar da kuɓewa, ba ƙuda, ba ƙura. Har maƙwabta suna kawowa su biya."

Hajj ya tambaye ni ribata bayan an cire kuɗin wuta. Na fara "ai ya danganta da kasuwa". Ya juya ya tambayi Inna tata, ta faɗa masa nan take, ko numfashi ba ta ja ba. Na ji kamar in shige cikin fanka.

"To, alhamdulillah," ya ce yana gyara rawani, "akwai mai sana'a a gidan nan. Sai dai ba ita ta zo neman 'yata ba."

Ya ba ni shekara guda in nemo abin yi. Inna, Allah ya saka mata, ta ɗauke ni aikin yankan kuɓewa, kuma da wannan sana'ar aka ɗaura mini aure.

Na dai koyi abu biyu: kafin ka sayi inji, tambayi abin da aikin ke buƙata, kafin ka kai suruki ɗaki kuma, fara leƙawa kai kaɗai.