An Yi wa Randa Fenti a Kom Radi

Jama'a, ku yi mini jaje. Ranar Talatar nan na yi tafiyar rabin yini don in sayo baƙar zumar rake, na dawo gida ba zuma, hannayena sun yi ruwan gwal har wuyan hannu, uwar 'ya'yana kuma har yau da hanci take amsa gaisuwata.

Laifin maƙwabcina Girgis ne. Tunda ya yi ritaya ba shi da aiki sai zama a ƙofar gida yana raba shawarar da ba wanda ya nema. Shi ya ce wa maiɗakina duk zumar raken da ake sayarwa a birni sukari ne da toka, ta gaske sai a Kom Radi. "Ai Ustaz Hilmi ya san garin," in ji shi, yana kallona yana murmushi. "Kuma ba abin da yake yi sai rubutu." To, ka ji.

Da sassafe na shiga ƙaramar bas. Ba mu yi nisa ba direba ya karkata ya shiga layin mai, da mu a ciki, har awa uku. A rediyon motar kuwa wani Basha ne, wato babban jami'in gwamnati, yake ta bayani cewa mai ya wadata a ƙasa, talakawa ne kawai suke da ɗabi'ar son layi. Allah ya ƙara wa Basha basira. Ni dai na leƙa ta taga na ga mutanen da suka fi kowa son layi a duniya, wani har ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motarsa saboda tsabar jin daɗi.

Masu ruwan gora suka yi ta zagaya mu, na ƙi saye. Ba rowa ba ce. Na san inda za ni. A Kom Radi, daidai inda bas ke tsayawa, akwai rumfar zana da randuna uku a kan ƙarfe, kowace da murfin katako da moɗa a ɗaure da sarƙa. Duk wanda ya taɓa shan ruwan nan a tsakiyar zafi ba ya ɓata bakinsa da na gora. Tun daga layin mai nake tanadin ƙishirwata dominsa.

Azahar ta gota muka isa. Na sauka, na tsaya ina waige-waige, na ɗauka direba ya sauke ni a wani gari. An shafe gefen titi da fenti baƙi da fari, har kashin jakin da ya kwana a wurin ya sami rabonsa. An kafa itatuwa a jere, kore shar, waɗanda na tabbata da asuba a gonar wani suke. Rumfar zana babu, randuna babu. A gurbinsu an yi dakalin siminti, a kansa wata na'urar sanyaya ruwa ta ƙarfe tana walƙiya, an ɗaura mata jan ƙyalle kamar amarya. A bayanta wani dogon allon dutse an lulluɓe shi da zane.

Na nufi na'urar harshena a bushe. Wani mai gadi ya sha gabana da sanda.

"Ba a buɗe ba tukuna."

"Ɗan'uwa, kofi ɗaya."

"Ko rabi. Sai Babban Basha ya yanka ƙyalle."

Na tsallaka wurin Baba Shahhat mai shayi, wanda na sani tun gashinsa na baƙi. Na same shi a zaune, tukunya a kife.

"Ustaz, kai ne a ranar nan? Lallai ka iya zaɓen rana. Shayi babu, famfon gari yau kwanansa shida yana hutawa."

"Ina randunan Inna Nabawiyya?"

Ya nuna da haɓa. Can a kan dandalin da aka haɗa don manyan baƙi na hango su su uku a jere, an shafe su da fenti ruwan gwal, an cusa wa kowace furen roba a baki.

"Ƙaramin Basha ne, shugaban kwamitin tarba," in ji Baba Shahhat. "Jiya ya ce randa a bakin titi abin kunya ne, baƙo zai ɗauka ba mu ci gaba ba. Aka kwashe su. Da yamma kuma ya ce dandali ya yi tsirara, ana bukatar kayan tarihi. Ka ga da safe abin kunya ne, da yamma tarihi. Shi ya sa shi yake Basha, ni nake wanke kofi."

"Ita tsohuwar fa?"

Dariyar ta bar fuskarsa. "An ce kada ta fito sai an tashi. Tana ɓata wa wurin tsari."

Bari in gaya muku ko wace ce Inna Nabawiyya, don ba ta cikin waɗanda ake sa hotonsu a jarida. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Ramzi. Shekara goma sha tara da suka wuce ya bi motar masu neman aiki ta cikin hamada, motar ta mutu a inda ba inuwa ba rijiya. Da aka same su, jarkokinsu a buɗe suke, a bushe. Bayan kwana arba'in ta sayi randuna uku, ta yi alkawari tsakaninta da Ubangijinta: muddin tana numfashi, matafiyi ba zai ratsa Kom Radi da ƙishirwa ba. Kullum kafin rana ta fito tana famfon tuƙa-tuƙa na bayan gonakin rake, tana ɗauko ruwa a ka. Ba ta karɓar komai. In ka sha tana kusa, abu ɗaya take cewa: "Ka ce Allah ya jiƙan Ramzi."

Baba Shahhat ya raka ni gidanta ta lungu. Muka same ta a tsakar gida, a zaune a ƙasa, ta juya fuskarta wajen titi ko da yake katanga kawai take gani.

"Bas nawa suka tsaya?" Abin da ta fara tambaya ke nan, tun kafin gaisuwa.

"Huɗu, Inna," in ji Baba Shahhat.

"Huɗu." Ta dafe kai. "Duk suka wuce haka nan?"

Sai ta dube ni, ta ga leɓɓana, ta miƙe da sauri kamar an tsikare ta. "Subhanallahi, ɗana, kana tsaye da wannan bakin ana ta surutu!" A kusurwar gidan akwai randa ta huɗu, tsohuwa, jikinta jiƙe yana naso. Ta cika moɗa ta miƙo. Na sha uku ban ɗago ba. Na ce Allah ya jiƙan Ramzi, kuma wallahi na faɗe shi har cikin raina.

Ban ajiye moɗar ba sai ga sallama a gaggauce. Ƙaramin Basha ne da kansa, cikin kwat mai kauri a wannan zafin, gumi ya jiƙa shi har wuyan riga.

"Inna, ranki ya daɗe, an sami 'yar matsala."

'Yar matsalar ita ce: Babban Basha saura rabin awa ya iso, na'urar ba ruwa a cikinta. Motar da za ta kawo ruwan gora tana layin mai. Ruwan magudanar gona kuwa an ɗebo, an duba, an ga har da ƙananan halittu suna iyo. In Babban Basha ya murɗa famfo iska ta fito, to kujerar wani za ta bi iskar.

Na matsa kusa da tsohuwar, na rage murya. "Inna, yau ranarki ce. Ki ce sai ya dawo da randunanki, ya gina rumfa, ya sa hannu a takarda. Ni ne shaida, ina da alƙalami."

Baba Shahhat ya ce, "Ki ƙara da ya ba ki haƙuri a gaban jama'a. Da lasifika."

Ko kallonmu ba ta yi ba. Ta tambayi Ƙaramin Basha, "Shi wannan mutumin, daga ina yake?"

"Daga babban birni, Inna."

"Tun safe yana hanya?"

"Tun safe."

"To matafiyi ne. Ku ɗiba."

Na ji kamar in fashe. "Haba Inna! A motar da ke hura sanyi fa yake tafe!"

"Ɗana, ni ban yi alkawari a kan irin mota ba."

Ƙaramin Basha ba ya ɗaukar bokiti, matsayinsa bai yarda ba. Don haka ni da Baba Shahhat muka yi ta jigila ta bayan dandali, muna ɗaga murfin na'urar muna juyewa, har randar ta huɗu ta koma sai laka a gindi. A nan na ga wayar wutar na'urar. Na bi ta da ido, na ga ta gangara bayan dakali ta nutse cikin yashi. Na ja kaɗan, sai ga ƙarshenta a hannuna, ba a haɗe da komai ba. Na mayar na binne da kyau, kada a ce ni na lalata aikin gwamnati.

Motoci goma sha huɗu na ƙirga, kuma ba wadda ta yi kama da ta taɓa ganin layin mai. Babban Basha ya sauko, aka yi tafi. Ya yanka ƙyalle, aka yi tafi. Aka yaye zane daga allon dutse, sai ga sunansa da manyan haruffa, aka yi tafi. Ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, Ƙaramin Basha ya sauke numfashin da ya riƙe tun azahar.

Babban Basha ya sha. Ya lumshe ido. Ya miƙa kofi aka ƙara.

"Kun ji sanyi?" in ji shi cikin lasifika. "Wannan sanyin kimiyya ne. Har wani ƙamshi yake, ƙamshin ci gaba." Sai ya juya ya nuna randunan gwal. "Ku dubi abin da kakanninmu suka sha wahala da shi. Daga yau an wuce wurin."

Baba Shahhat ya fi kowa tafi, har da hawaye. Na tabbata an rubuta shi cikin masu kishin ƙasa.

Minti goma sha ɗaya duka aka yi. Ƙurar motocin ba ta kwanta ba wata akori-kura ta ja baya, ƙarti huɗu suka ciccibi na'urar. Na tambayi direban ina za a kai ta, ya ce garin gaba, can ma ana buɗe ruwa ranar Alhamis. A bayan na'urar na ga guntayen ƙyalle kala uku da ba a gama cirewa ba. Ashe amaryar ta daɗe tana shiga ɗaki.

Randunan, da yake tarihi ya gama aikinsa, a nan aka watsar da su. Muka zare furannin, muka ɗauko su. Inna Nabawiyya ta fito, ta shafa jikin ɗaya da tafin hannu. Duk wanda ya tashi da randa a gidansu ya san abin da ta gani. Randa ta jikinta take numfashi, nason nan shi ne sanyinta. Ka shafe ta da fenti, ta zama tukunyar ɗumama ruwa.

"Sun toshe musu hanci," in ji ta. Ta zauna a ƙasa, ta ɗauki ɓallin dutse ta fara kankara.

To ya zan yi? Na nemi nawa dutsen. Baba Shahhat ya kawo cokalin shayi. Masu zumar rake suka rufe shago suka tafi ina nan ina kankarar gwal. Raina dai bai daina tafasa ba.

"Inna, kofi biyu ya sha. Ko Allah ya jiƙan Ramzi bai ce ba. Bai ma san da Ramzi ba."

Ba ta ɗago ba. "Ka ga lokacin da ya lumshe ido?"

"Na gani."

"To maƙogwaronsa ya faɗa a madadinsa."

Na ci gaba da kankara, ina yi ina share ido da kafaɗa saboda hannun ba ya taɓuwa.

Da la'asar sakaliya muka gama ɗaya. Ta sa muka ɗora ta a kan dakalin siminti, a gindin allon dutsen, aka juye mata ruwan da ta sake ɗaukowa da kanta. Na karanta mata abin da ke jikin allon, cewa wannan ruwa kyauta ce daga Mai Girma ga al'ummar Kom Radi, na ce ta ba ni izini in nemo guduma.

Ta ja da baya, ta dubi allon, ta dubi inda rana take. "Kul, ɗana. Bar shi. Ba ka ga inuwa yake yi wa randar ba?"

Bas ɗin da zan bi ta tsaya, wata mata mai goyo ta sauko, ta nufi randar kai tsaye ba tare da ta karanta komai ba. Ina hawa mota na ji muryar tsohuwar a bayana tana cewa, "'Yata, ki ce Allah ya jiƙan Ramzi."

Da na iso gida Girgis ya dubi hannayena ya ce, "Ustaz, zuma aka aike ka ko haƙar gwal?" Ban kula shi ba. Amma masu yawo da baki suna cewa Bashoshinmu ba sa tsinana wa talaka komai, ku ji tsoron Allah ku daina. Ni da idona na ga aikinsu a Kom Radi: inuwa ce mai faɗin taki biyu, kuma tana aiki kullum daga azahar zuwa faɗuwar rana, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba.